Yadda za ku duba firijinku kafin zafi ya kankama

Jama'a yawancin firijin da ake kaiwa wajen mai gyara ana cewa ya daina sanyi, wallahi ba tsufa ne ya kashe shi ba, ƙura ce da wuƙa da wutar nan da ake kawowa ana ɗaukewa. Tunda hunturu ya wuce ya bar ƙura ko'ina, ga zafin Maris da Afrilu na tafe wanda a Kano ko Sakkwato sai ya haura digiri 40, to yanzu ne lokacin duba shi.

Ku fara zare shi daga soket, ku jawo shi ku leƙa bayansa. Baƙaƙen ƙarafan nan masu kama da raga ta nan zafi yake fita, in ƙura ta lulluɓe su sai kwamfireso, wato injin da ke sa firijin ya yi sanyi, ya yi ta aiki ba hutu har wata rana ya ƙone. Busasshen buroshi mai laushi ko tsumma ya isa, don Allah kar a watsa ruwa. Na zamani da yawa ba za ku ga ragar ba, tana cikin jikin gefe ne shi ya sa kuke jin gefen da ɗumi, irinsu kar a matse su da kabad. In za ku mayar ku bar tazara kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango.

Sai robar bakin ƙofa. Ku maƙala takardar kuɗi ku rufe, ku ja, in ta zare salin-alin to sanyi na zurarewa ta nan. Wani lokacin dauɗar miya da zoɓo ce kawai, ruwan ɗumi da sabulu zai gyara, in kuwa ta yage a canza ta.

Maganar ƙanƙara ce ta fi damuna. In ta taru ta yi kauri mutum sai ya ɗauko wuƙa ya hau sara, alhali bututun gas yana nan kwance a ƙarƙashinta kuma siriri ne, sara ɗaya za ka ji fuuu shikenan gas ya tafi. Da idona na ga an yi wa sabuwar firizar maƙociyarmu haka ana saura kwana biyu Babbar Sallah, naman layya sai gidajen mutane aka rarraba. Kuma sababbin da yawa gas ɗinsu R600a ne, yana kama wuta. Ku kashe kawai, ku buɗe ƙofa, ku ajiye roba da ruwan ɗumi a ciki, da kanta za ta saki.

In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kar ku bari ya tashi, ku ba shi minti 5 tukunna. Sitabilaiza mai jinkirin tashi ita take wannan aikin ko ba kwa gida, ni dai ina ganin kuɗinta bai kai na sabon kwamfireso ba. Haka in wutar ba ƙarfi kuka ji yana ƙyat-ƙyat ya kasa tashi, ku cire shi.

Tuwo ko miya mai zafi a bari ta huce kafin a saka. In yana wari kuma, bayan an wanke a sa gawayi biyu-uku a ƙaramin kwano a ajiye can ciki, a riƙa canzawa duk wata.