Kurakuran da ke fasa bututun ruwa a motar tafi-da-gidanka lokacin sanyin ƙanƙara

A Amurka da Kanada, inda ake yawan sayen motocin nan masu ɗaki da kicin da bayan gida don yawon shaƙatawa, asarar da sanyi ke jawowa ba ta cika bayyana ba sai bazara ta shigo, ranar da mai mota ya kunna injin ruwa ya ga ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashin kabad. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Selshiyos, girmansa kuma ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Bututun roba na PEX da ake sa wa yawancin motocin zamani yana ɗan jure wannan kumburi, amma mahaɗansa da bawul-bawul da kan injin ruwa ba sa jurewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe magudanar ƙasa, a ga tanki ya tsiyaye, a ɗauka an gama. Ruwan da ke ɓarna shi ne ɗan wanda ya maƙale a lanƙwasar bututu, da cikin bawul ɗin masai, da shawar waje wadda kusan kowa ke mantawa da ita domin tana bayan ƙaramar ƙofa a jikin mota. Gyaran shi ne a hura layin da iskar kwampreso, ana buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya, na zafi da na sanyi, har sai iska zalla ke fita. Kada ƙarfin iskar ya wuce 30 zuwa 40 a ma'aunin matsin iska na psi, domin wanda ya sake ta gaba ɗaya yana iya fasa abin da yake ƙoƙarin karewa. Iska kaɗai ba ta tsotse ruwan da ke cikin injin ba, shi ya sa a wurare masu tsananin sanyi irin su Minesota a Amurka da Albata a Kanada ake biyo ta da maganin hana daskarewa.

A kan maganin ne ake tafka kuskure mafi haɗari. Wanda ake zubawa a lagireton mota yana da sinadarin etilin gilaikol, guba ce mai kisa, kuma ba ta da gurbi a bututun da mutum zai sha ruwa daga gare shi. Na motar tafi-da-gidanka launin hoda ne, galibi an yi shi da furofilin gilaikol ko etanol, kuma galan biyu zuwa uku yakan ishi mota matsakaiciya. Ba a sirka shi da ruwa. Haka kuma bai kamata a juye shi cikin tankin ruwan sha ba, domin zai gauraya da ragowar ruwan da ke ƙasan tankin ya rage ƙarfi, sannan ɗanɗanonsa ya daɗe bai fita ba. Abin da ya dace shi ne a cire matatar ruwa, a sa ɗan tiyo daga bakin injin zuwa cikin jarkar maganin, a kunna, a bi famfo-famfo har kowanne ya fitar da ruwan hoda sosai. Daga nan a zuba kimanin kofi ɗaya a magudanar kowane wurin wanke-wanke da ta shawa, a bar kaɗan a kwanon masai don kada robar murfinsa ta bushe. Idan aka ga maganin ya yi kauri kamar kunu a tsakiyar hunturu, ba lalacewa ya yi ba. Adadin digiri 50 ƙasa da sifili na ma'aunin Faranhait da ake rubutawa a jikin jarka iyakar kariyarsa ce daga fashewar bututu, ba sanyin da yake fara kauri ba.

Tankin dumama ruwa yana da nasa tarkon. Yawanci galan 6 ko 10 yake ci, saboda haka wanda bai juya bawul ɗin da ke sa ruwa ya kewaye tankin ba zai cika shi da magani a banza. Kafin a kwance toshiyarsa sai an kashe gas da lantarki, an bar ruwan ya huce, an saki matsin ta bawul ɗin sama, in ba haka ba tafasasshen ruwa ya feso wa mutum. Wanda ya bar makunnin lantarki a kunne alhali tankin babu ruwa zai ƙona ƙarfen dumamawar nan take.

Masu kwana a cikin motar da hunturu kuwa sukan kashe na'urar dumama ɗaki ta gas, su jona ƙaramar hita ta lantarki don tsimin kuɗi. A ganina wannan tsimi ne mai tsada, domin a motoci da yawa na'urar gas ɗin ce ke tura ɗumi zuwa ƙarƙashin mota inda tankuna suke, ita kuwa hitar ɗaki kawai take dumamawa. Ya kamata a bar na'urar gas ɗin tana aiki, a buɗe ƙofofin kabad ɗin da bututu ke bi, a kewaye ƙasan motar da abin tare iska. Tiyon da ke kawo ruwa daga waje shi ke fara daskarewa, don haka ko a sayi mai dumama kansa ko a cika tanki a cire tiyon da yamma. Bawul ɗin tankin masai a bar shi a rufe sai tankin ya kusa cika, domin ɗigon da ke bi a hankali yana daskarewa ya toshe tiyon zubarwa.

Zama a jihohin kudancin Amurka ba hujja ba ne na sakaci, kamar yadda sanyin da ya afka wa Tekzas a watan Fabrairun 2021 ya nuna. Idan bututu ya riga ya daskare, a kashe injin ruwa, a buɗe famfo, a narkar da shi a hankali da na'urar busar da gashi. Ba a kusantar da harshen wuta, domin roba da katako da layin gas duk suna wuri guda.