Matakan Fara Ba Jariri Abinci

Da farko, a duba katin asibiti a tabbatar jariri ya cika wata 6, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da shi nonon uwa zalla har zuwa lokacin, ko ruwa kada a ba shi, komai zafin bazara.

Bayan haka sai a lura da jikinsa: wuyansa ya tsaya, yana zama idan an jingina shi, yana kuma bin cokali da ido har ya buɗe baki. Yawan kuka kaɗai, wanda kakanni kan kafa hujja da shi, ba alama ba ce.

Daga nan a dama kunun gero mai kauri, irin wanda ba ya tsiyaya idan an karkata cokali, tun da tsararo cika ciki kawai yake yi. A ba shi cokali 2 zuwa 3, sau biyu a rana, a ci gaba da shayarwa. A hankali a riƙa ƙara markaɗaɗɗiyar gyaɗa, dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya.

Kada a ba shi zuma sai ya shekara. Idan bakwaini ne, a fara tuntuɓar ma'aikaciyar lafiya.