Kurakuran da Ɗan Shekara Arba'in Kan Yi a Gasar Tirayatlon, da Yadda Ake Gyara Su

Ban yi minti uku a cikin ruwa ba na gane na yi wa kaina ganganci. Shekarata 46 a lokacin, na yi wata biyar ina atisaye, ina iya ninkayar mita dubu a kwami ban tsaya hutawa ba. To amma ranar gasa a tafki aka jefa mu, ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani. Ana busa usur na afka tsakiyar mutane, wani ya shure ni a haɓa, gilashin idona ya cika da ruwa, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai ga ni kwance rigingine ina kallon sama ina haki, ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Ga wanda bai sani ba, tirayatlon wasa uku ne a jere: ninkaya, tseren keke, sannan gudu, agogo kuwa ba ya tsayawa a tsakaninsu. An fara shi a wannan tsari a San Diyego ta Amurka a 1974, ya shiga Olamfik a Sidni a 2000. Waɗanda ba sana'arsu ba ce ana raba su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, 40 zuwa 44, 45 zuwa 49, har sama, don haka da sa'o'inka za a auna ka. Duk wanda ya leƙa layin farawa zai ga furfura da sanƙo ba adadi. Mu ɗin nan kurakuranmu kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu tushensu guda: zuciya tana nan a shekara ashirin da biyar, gwiwa da jijiya kuwa sun san ainihin shekarunsu.

Tun wajen zaɓen gasa ake fara ɓata rawa. Mutum ya ga hoton doguwar gasar da ake kira Ironman a waya, ninkayar kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2, ya ce shi ma da shi za a yi. Ya manta cewa ko a karon farko da aka yi ta a Hawayi a 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka kai, kuma ƙarti ne da suka saba da wahala. Fara da gajeriya: mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke, kilomita 5 a ƙafa. In ta zauna maka sau biyu ko uku, ka hau matakin Olamfik, wato kilomita 1.5, da 40, da 10. Doguwar tana nan, ba inda za ta.

Sai zuwa wajen likita, wanda maza musamman suke ɗauka kamar zubar da girma. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a gasannin tirayatlon daga 1985 zuwa 2016. Guda 90 a ruwa abin ya same su, akasarinsu maza, kuma hatsarin yana ƙaruwa da shekaru. In aka dubi ɗimbin waɗanda suka yi gasar a tsawon lokacin, adadin kaɗan ne, ban kawo shi don in tsorata kowa ba. Amma in kana da hawan jini ko ciwon suga, ko kana shan taba, ko ciwon zuciya ya taɓa kashe wani a gidanku da ƙuruciyarsa, ko ka daɗe rabonka da motsa jiki, a duba ka kafin ka fara. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice, hakin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, ba abin daurewa ba ne. Tsayawa ake yi.

Mu koma ruwa, don nan ne na fi shan wuya, nan ne kuma na ga an fi tsamo mutane. Kwamin ninkaya yana da layi a ƙasa, yana da bango kowane mita 25 ko 50, ruwansa garau, babu mai taɓa ka. Tafki ko teku ba shi da ko ɗaya. Ga sanyi da ke sa numfashi ya riƙa fizga da kansa da zarar fuska ta taɓa ruwa, ga rigar robar kare sanyi da ke matse ƙirji, ga ƙafafun mutane ta ko'ina. Wanda bai taɓa haɗuwa da waɗannan ba sai ranar gasa, firgici ne zai kama shi ko da ya iya ruwa.

Gyaran ba wuya, sai dai yana son lokaci. Ka shiga buɗaɗɗen ruwa aƙalla sau uku ko huɗu kafin ranar, tare da mutane, a wurin da aka san ana ninkaya, kada ka kuskura ka je kai kaɗai. Ka koyi ɗaga ido kaɗan bayan kowane jan hannu shida zuwa goma kana duba balan-balan ɗin da aka kafa a matsayin alama, in ba haka ba za ka yi ta karkata kana ƙara wa kanka tafiya. Ka saba da fitar da iska a hankali fuskarka na cikin ruwa. Masu riƙe numfashi su ne suke fara shaƙewa. Ka iya juyawa dama da hagu wajen shan iska, saboda ranar da igiyar ruwa ko hasken rana za su tare maka gefe guda. In an ba da damar shiga ruwa kafin a fara, shiga, ka tsoma fuska har jiki ya saba da sanyin. Da aka zo tashi kuwa, koma baya ko gefe. Ni yanzu in aka busa usur sai na ƙirga goma kafin in motsa. Daƙiƙa goma na rasa, na tsira da haɓata. In abin ya rikice maka a tsakiya, juya rigingine ka huta, ko ka dafa kwalekwalen masu ceto. Dokar yawancin gasanni ta yarda da haka muddin ba a ja ka gaba ba. Iya ruwa dai fidda kai.

Kuskuren da ya fi cin mutane a ɓoye shi ne mayar da kowane atisaye fagen yaƙi. Mai aiki da iyali lokacinsa kaɗan ne, sai ya ga kamar in bai dawo a jigace ba ya yi asarar awarsa. Kullum da ƙarfi, kullum ana duba agogo ana so a karya na jiya. Abin da ke faruwa shi ne zuciya da huhu suna saurin ƙarfafa, cikin 'yan makonni ka ji kamar an sauya maka inji, amma jijiya da gaɓoɓi watanni suke ɗauka, kuma bayan arba'in sun fi nawa. Injin ya yi wa bodin yawa ke nan. Ni a agara ta kama ni. Da farko ɗan tauri ne da safe, in na taka ƙasa sai na ɗingisa taku biyar ya saki, na ce ba komai. Na ƙara gudu a kai, har ranar da hawa bene ya gagare ni. Wata biyu ban yi gudu ba.

Ƙwararru da yawa suna bin wani rabo mai sauƙi: kusan kashi 80 cikin ɗari na atisaye a hankali, 20 da ƙarfi. Ma'aunin a hankali kuwa shi ne ka iya hira da na kusa da kai ba tare da maganarka tana yankewa ba. Zai yi maka kamar wasa, yara za su wuce ka a hanya, ka ƙyale su. Kada ka jera rana biyu masu tsanani. Ka bar kwana ɗaya a mako babu komai, kuma bayan mako biyu ko uku ka sassauta na gaba gaba ɗaya. In aiki ko rashin lafiyar yaro ya cinye maka atisayen Talata, ya tafi ke nan, kada ka ɗora shi a kan na Laraba. Barci ma atisaye ne, a lokacinsa jiki yake gyara abin da ka ɓarnata. Wanda ya yanke barcinsa zuwa awa biyar don ya samu fita da asuba, yana gini ne yana rushewa.

Ɗaga ƙarfe kuma, da yawa suna ganin na masu son fito da ƙwanji ne. Tsoka tana fara raguwa sannu a hankali tun bayan shekara talatin, ninkaya da keke ba sa tsare ƙarfin ƙashi yadda ɗaukar nauyi yake yi. Minti ashirin zuwa talatin sau biyu a mako ya isa: tsugunawa da miƙewa da ɗan nauyi, hawa da sauka a kan dakali, ɗaga dunduniya a bakin matakala, da abin da zai ƙarfafa ciki da baya. Da na fara wannan tun farko da agarata ba ta kai ni ƙasa ba.

Akwai kuma son abin da aka iya. Tsohon ɗan gudu sai ya yi ta gudu yana kauce wa ruwa. Wanda ka fi ƙi, shi za ka ba safiyar da ka fi kuzari.

Batun keke yana da ban dariya, domin a wannan shekarun aljihu ya ɗan fi nauyi, sai a huce a kan kaya. Na ga mai keken da ya fi motata tsada yana tura shi a kan tudu. Abin da ya fi tsadar keke muhimmanci shi ne ya yi daidai da jikinka. Sirdi in ya yi ƙasa gaban gwiwa ne zai yi ciwo, in ya yi sama ƙugu zai riƙa rangaji, bayan gwiwa ya ɗauka. Gwaji mai sauƙi: zauna, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ka karkata ba. In bayanka ba ya son sunkuyo, ɗaga kan keken, ba gasar hoto ka zo ba. Ka daina tura giyar keke mai nauyi kana nishi. Sassauta ta ƙafa ta riƙa juyawa kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Sannan ka koyi cire taya da sauya tif a tsakar gida, sau da yawa, har hannu ya haddace. A yawancin gasanni in ka yi faci kai za ka gyara abinka.

A kan keken ne kuma ake cinye gudun tun ba a fara shi ba. Ka fito daga ruwa da rai, murna ta kama ka, ka ga wani mai furfura irin taka ya wuce, ka ce ba za ta saɓu ba. Sakamakon yana jiranka a kilomita ta biyu ta gudu. Ko ba ka wuce gona da iri ba, saukowa daga keke ka fara gudu wani abu ne daban: cinya ta yi nauyi, ƙafa kamar aro ka yi. Maganinsa sabawa. Sau ɗaya a mako, kana sauka daga keke ka zura takalmi ka yi gudun minti goma ko sha biyar. A ranar gasa ka rage giya a kilomitar ƙarshe, ka fara gudu da gajeren taku, a hankali fiye da yadda zuciyarka take so.

Wurin sauya kaya ma yana da dokokinsa, kuma ana hukunta mutane a kan abin da minti biyar na karatu zai hana. Sai ka ɗaure hular kwano kafin ka ciro keke daga maratayinsa, ba ka kwance ta sai ka mayar da shi. Ba a hawa sai an tsallake layin da aka shata. A yawancin gasannin irinmu an hana manne wa bayan wani keke don ya tare maka iska, tazarar da ake so kuwa tana cikin takardar gasar, ka karanta ta. Ka kuma taka da ƙafarka daga bakin ruwa zuwa inda ka rataye kekenka, ka ƙirga layi. Na taɓa yin kusan minti biyu ina zagaye a jiƙe ina neman nawa, ashe alamar da na riƙe jan keken da ke kusa da shi ne, mai shi kuwa ya riga ni fita.

Ci da sha, gefe biyu ake faɗawa. A gajeriyar gasa ruwa kaɗan da abin da ka ci awa biyu ko uku kafin a fara sun wadatar. In za a wuce awa ɗaya da rabi, jiki na son kamar giram 30 zuwa 60 na suga ko sitaci kowace awa, kuma a kan keke ya fi sauƙin shiga. Wasu kuma tsoron ƙishirwa ke sa su ɗura ruwa a kowane tebur har gishirin jininsu ya tsinke, abin da ke kawo ciwon kai, amai, ruɗewa, wani lokaci ma ya kashe. Masu tafiya a hankali a doguwar gasa su ya fi kamawa. Sha gwargwadon ƙishi, in da zafi ka haɗa da mai gishiri. Kada ka haɗiyi ibuprofen da danginsa don rigakafin ciwo, suna takura wa ƙoda a lokacin da take cikin aiki. Duk abin da za ka sa a baki ranar, ka riga ka gwada shi a atisaye. Haka takalmi, haka wando, haka gilashin ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi bororo zai ba ka, sabuwar riga ta saɓule maka hammata.

Makon ƙarshe kuwa ba na neman ƙarfi ba ne, abin da ka tara ka tara. Rage yawan atisayen zuwa rabi, ka bar 'yan gajerun masu ɗan sauri don jiki kada ya yi sanyi. Za ka ji ƙaiƙayin fita, za ka ji wasu ciwuka da ba ka san da su ba, duk na fargaba ne.

Bayan gasa ma akwai tarko. Daɗin lambar da aka rataya maka zai sa ka dawo gida kana neman wata gasar a waya tun gishirin gumi bai bar fuskarka ba, washegari ka ɗaura takalmi. Bari. Kwana biyu ko uku ka yi tafiyar ƙafa kawai, ko ninkaya mai sauƙi, gudu ya jira har ciwon cinya ya tafi gaba ɗaya, mako guda ko fiye in gasar doguwa ce. Da na gama ta matakin Olamfik karon farko, kwana uku na yi ina saukowa daga bene da baya-baya, hannu biyu a kan ƙarfe, 'yata tana ƙasa tana ƙirga mini matakala.