Babi na Tara: Tafiya Kai Kaɗai a Daji Cikin Tsananin Sanyi

Barkanmu da sake haɗuwa, iyayena da yayyena. Wannan babi yana magana ne a kan ƙasashen da sanyin hunturu ke daskarar da kogi har mutum ya taka samansa, kamar arewacin Kanada, Alaska ta Amurka, da Siberiya ta Rasha. Ku karanta a hankali. Wanda ya kakare a kan wata kalma ya ɗaga hannu, babu kunya a neman sani.

Darasi na Ɗaya: Karanta ma'aunin sanyi

Ku dubi waɗannan lambobi: 10, 0, -10, -30. Ɗan gajeren layin da ke gaban lamba yana nufin ƙasa da sifiri. A sifiri ruwa ke daskarewa. Idan akwai layin, gwargwadon girman lamba gwargwadon tsananin sanyi, wato -30 ya fi -10 sanyi nesa ba kusa ba. A ƙauyen Oymyakon na Siberiya an auna -67.7 a ma'aunin Selshiyos a 1933.

Iska tana ƙara wa sanyi ƙarfi. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai -28, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Idan ya kai -40, minti 5 zuwa 10 sun isa. Ku kwafi lambobin nan a littafinku tare da layinsu. Madalla, kun kama wannan da wuri.

Darasi na Biyu: Abin da sanyi ke fara ɗauka

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Jiki yakan janye jini daga yatsu zuwa ƙirji don ya kare zuciya, shi ya sa hannu ne ke fara mutuwa. Ku gwada yanzu a zaune: ku taɓa ɗan ƙaramin yatsanku da babban yatsa na hannu ɗaya. Kun ga babu wuya. Mai tafiya cikin sanyi ya riƙa yin wannan gwaji akai-akai, domin ranar da yatsun suka ƙi haɗuwa, ba zai iya kyasta ashana ba, ba zai iya jan zif ɗin rigarsa ba, ba zai iya ɗaure igiyar tanti ba. Ga ashana a aljihu, ga itace a gabansa, amma babu hannun hura wuta.

Bayan hannu sai hankali. Mutum yakan fara makyarkyata, sai tuntuɓe, sai harshe ya yi nauyi, sai ya ji barci kawai yake so. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani ke nan. Wasu ma a ƙarshe sukan ji zafi na ƙarya su tuɓe rigunansu. A nan ne kaɗaici ke kisa. Da akwai abokin tafiya, shi zai ce, “Ɗan'uwa, maganarka ba ta fita daidai, tsaya mu hura wuta.” Shi zai ga farin tabo a kan hancinka, alamar fata ta fara daskarewa, wanda kai ba ka gani kuma ba ka ji. Wanda yake shi kaɗai, hankalin da zai gane haɗarin shi ne sanyi ya riga ya taɓa.

Kada wani ya ce wannan matsalar marar ƙwarewa ce. Naomi Uemura ɗan ƙasar Japan ya isa tsakiyar doron arewacin duniya shi kaɗai a 1978. A ranar 12 ga Fabrairu 1984 ya hau ƙolin dutsen Denali a Alaska cikin hunturu, shi kaɗai. Saboda babu wanda zai riƙe masa igiya, sai ya ɗaura dogayen sandunan gora a jikinsa don su tokare idan ya rufta ramin ƙanƙara. A hanyar saukowa ya ɓace, har yau ba a ga gawarsa ba.

Shawarata dai ita ce kada a tafi babu aboki. Amma na san akwai wanda aiki ko larura za ta tilasta wa, don haka ku buɗe kunne ga darasi na gaba.

Darasi na Uku: Takardar da za ka bari

Kafin ka fita, ka rubuta takarda ka damƙa wa wanda ka amince da shi, hannu da hannu. Ku kwafi wannan:

Sunana: ________
Inda zan fara tafiya: ________
Hanyar da zan bi: ________
Launin rigata da tantina: ________
Rana da lokacin da zan dawo: ________
Idan ban dawo ba, a kira masu ceto ranar ________ da ƙarfe ________

Layi shida ne. Biyar na farko kowa yana cika su lafiya lau. Na shida ne ke kayar da ɗalibai, don haka za mu zauna a kansa.

A layi na shida ana son rana, ana son ƙarfe. Misali: ranar Talata, 14 ga wata, da ƙarfe 6:00 na yamma. Ku duba da kyau, akwai sunan rana, akwai kwanan wata, akwai ƙarfe, akwai “na yamma”. Idan ka rubuta 6:00 kawai, wanda ke riƙe da takardar bai san na safe ba ne ko na yamma, kuma tsakaninsu awa 12 ne. Awa 12 a cikin -30 ga mutumin da ya karye a ƙafa, ku da kanku kun san abin da yake nufi.

Wasu sukan rubuta “idan na daɗe”. Sannu da ƙoƙari, rubutun ya yi kyau, amma a goge. Daɗewa a wurin wani awa biyu ce, a wurin wani kwana biyu. Mai jiranka zai yi ta cewa bari in ƙara ba shi lokaci, kada in tayar da hankalin jama'a a banza, har dare ya yi. Lambar da ka rubuta ita ce ke cire masa wannan shakka. Agogo ya buga, ba ka zo ba, ya kira.

Mu sake. Ɗauki fensir. Rubuta rana. Rubuta kwanan wata. Rubuta ƙarfe. Rubuta safe ko yamma. Yanzu karanta wa na kusa da kai da ƙarfi, shi kuma ya maimaita maka abin da ya ji. Idan abin da ya faɗa ya saɓa da nufinka, laifin takardar ne, a sake rubutawa. Kada ka gaji, hannu yana sabawa.

To, haba jama'a! Na zaga na duba, har yanzu akwai waɗanda suka bar layi na shida fayau, akwai kuma mai “da yamma” babu ƙarfe. Sau nawa za a faɗa? Wannan ba aikin cin maki ba ne, rai ne. Takardar da babu layi na shida ba ta tayar da kowa daga zaune. Babu mai juya shafi sai ya nuna mini rana da ƙarfe.

Abu ɗaya kuma: hanyar da ka rubuta ita za ka bi. Masu ceto inda takarda ta ce can za su nufa.

Darasi na Huɗu: Jiƙewa

Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Gumi ma ruwa ne. Ka sa riguna hawa-hawa, idan ka fara jin ɗumi wajen tafiya ka cire ɗaya tun kafin gumi ya keto, idan ka tsaya ka mayar nan take. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe ruwa. Ulu ya fi. Ka ajiye busasshiyar safa da safar hannu a cikin leda. Idan ƙafa ta rufta ruwa, ka tsaya ka canja a wurin, kada ka ce sai ka isa.

Inda fata ta daskare, kada a murza, kada a goga dusar ƙanƙara, kada a kanga a wuta. Ka cusa hannun a hammata. Giya tana sa mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Kuma wa zai zo idan abin ya fi ƙarfinka? Wanda ka bar wa rana da ƙarfe.

Darasi na Biyar: Ƙanƙarar kogi da tanti

Ƙanƙarar da ke kan ruwa mai gudu ba ta da tabbas, dusar ƙanƙara kuma tana rufe inda ta yi sirara. Ka bi ta gaɓa. Kada ka kunna risho a cikin rufaffen tanti, yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Ka narka dusar ƙanƙara kafin ka sha.

Darasi na Shida: Kaya

Sanyi yana cinye batir da sauri, ka sa waya da tocila a aljihun ciki. A daji sau da yawa babu sabis, sai na'urar neman agaji mai aiki da tauraron ɗan Adam. Ka riƙe taswira ta takarda, da usur, da ashana a wuri biyu.

Aikin gida: a kwafi takardar darasi na uku sau uku, a cika layi na shida, a kawo mako mai zuwa.