Babi na 7: Albashin wata ƙasa da kuɗin cefane

Darasi na 1: Layin ƙasa

Bara wani ɗalibinmu na nan Marwa ya samu aikin tuƙi a Njamena. Aka ce masa albashi jaka 200, wato sefa 200 000. Ya kama ɗaki, ya kwashi iyali, ya yi wa tsohuwarsa alkawarin jaka 30 duk wata. Da wata ya ƙare ya ƙirga abin da aka ba shi, ya ga jaka 180. Saura kaɗan ya ci kwalar mai biyan kuɗi. Ba wanda ya cuce shi, layin sama na takardar albashi ya karanta.

Ku ɗauko takardar albashin da na raba muku. Da Faransanci aka rubuta ta, a Kamaru da Chadi duka. Kada gabanku ya faɗi, kalma biyu kawai muke nema.

Ku sa yatsa a sama. Ku nemo BRUT. Haruffa huɗu ne: B, R, U, T. Lambar da ke gabanta ita ce albashi kafin a yanke komai. Wannan kuɗin ba zai taɓa shiga aljihunka duka ba.

Yanzu ku gangaro da yatsa a hankali har ƙarshen takardar. Ku nemo NET A PAYER. Ko NET kaɗai kuka gane, ya isa: N, E, T. Lambar da ke gabanta ita ce kuɗinka. Da ita za ka biya haya, da ita za ka yi cefane.

Me ya ci abin da ke tsakani? Haraji, da kuɗin fansho. Ubangidanka ne ke yankewa ya kai wa gwamnatin ƙasar da kake aiki, tun kafin kuɗin ya zo hannunka. Inda ka ga IRPP, harajin albashi ke nan. Inda ka ga CNPS, asusun fansho ne, sunansa ɗaya a ƙasashen biyu amma yankan ya bambanta: a Kamaru kashi 4.2 cikin ɗari, a Chadi kashi 3.5. Shi kuwa haraji hawa yake yi da hawan albashi. A nan Kamaru yana farawa daga kashi 10, ya je har kashi 35 ga manyan masu albashi. Ba sai kun haddace wannan ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne layin ƙasa.

Mu sake. Baba, sa yatsanka. Wane layi ne naka? Na ƙasa. Hajiya, naki fa? Na ƙasa. Madalla. Wanda ya kuskure kada ya ji kunya, ni ma ranar da na fara karɓar albashi sai da wani ya nuna mini.

Wani abu da ke rikita mutane: a takardar ba za ku ga an rubuta jaka ba. Za ku ga 200 000 ko 200.000. Ku rufe sifili uku na ƙarshe da babban yatsa. Abin da ya rage shi ne adadin jaka. 180 000, rufe uku, jaka 180.

In ana yi maka tayin aiki ta waya, tambaya ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin brut ne ko net?" Ku faɗa da ƙarfi sau uku. Tambayar ba rashin kunya ba ce.

Aiki: BRUT 200 000. CNPS 7 000. Haraji, a ce, 13 000. Nawa ne NET? Rubuta a allo.

Makon jiya mutum huɗu suka rubuta mini 200 000. Haba jama'a! Sati uku muna kan wannan layin. Wasu ma ƙarawa suka yi, suka samu 220 000, sai ka ce gwamnati kyauta take rabawa. Ɗebewa ake yi. Wanda bai kalli takardarsa a gida ba tun Juma'a, kada ya ce karatu ne ke da wuya. Sa yatsa. Gangara. Layin ƙasa.

Darasi na 2: Kasuwa

Sefar Kamaru da ta Chadi ɗaya ce, ba canji. Amma in ka haye gadar Ngeli daga Kusiri, farashi na iya sauyawa. Chadi ba ta da teku. Kaya da yawa na shago daga tashar Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya kai su Ngaundare, manyan motoci su ƙarasa da su arewa, kuma kuɗin hanyar nan a kan mai saye yake faɗawa.

Kafin ka tashi, kira ɗan uwanka da ke can. Ba shi ba ma, a ba ka matarsa, ita ta san kasuwa. Tambayi kuɗin gero ko dawa, shinkafa, mai, sukari, nama, gawayi ko gas. Tambayi awon kuma, domin da koro ake auna hatsi a can, ba lalle ya yi daidai da kwanon da ka saba da shi ba. Rubuta cefanen rana ɗaya, ka ninka sau 30.

A kasuwar Njamena da riyal ake faɗin farashi. Riyal 1 sefa 5 ne, kamar dalarmu. In mai kaya ta ce "miya", ba ta tuwo take nufi ba, ɗari ke nan da Larabci. Riyal 100, sefa 500.

Sai ka ɗebe cefanen wata da haya daga albashi. Daga wane layi? Na ƙasa. Na san wani zai ɗebe daga na sama.

Aiki: NET 180 000. Cefane 3 000 a rana. Haya 40 000. Nawa ya rage? Ka yi irin wannan lissafin da abin da kake samu yanzu a gida, ka ajiye biyun gefe da gefe.

Darasi na 3: In kuɗin ƙasar daban ne

Yuro 1 kusan sefa 656 ne, ba ya motsi. Naira kuwa kullum da farashinta, tambayi ɗan canji ranar da za ka yi lissafi. Sefar Nijar darajarta ɗaya da tamu, amma takardun daban ne, sai an canja. Kada yawan sifili ya ruɗe ka. Can ma akwai layin sama da na ƙasa.

Darasi na 4: Ajiyar takardu

Kada ka yar da takardar albashi. Sa ta a leda, ka ɓoye. Za a neme ta ranar fansho.

Ranar Talata kowa ya zo da allonsa da amsar darasi na 2.