Yadda ake tsima ƙwayar koko bayan an tsinko

Ranar da na fara tauna ɗanyar ƙwayar koko, tofarwa na yi. Ɗaci ne da bauri, babu ko alamar cakulan a ciki. Ƙamshin da muka sani a tsibin da ake tula ƙwayar don ta tsimu ake samunsa, kuma a nan ne manoma da yawa ke zubar da wahalarsu saboda gaggawa.

Fara da tsinka. Furen koko a jikin gangar bishiya da manyan rassa yake fitowa, kwanson kuma kan ɗauki wata 5 zuwa 6 kafin ya nuna. Yanke shi da wuƙa mai kaifi, kada ka murɗe, domin daga wannan gurbin fure zai sake fitowa. Wanda ya yi baƙi saboda cuta, fitar da shi daga gonar gaba ɗaya.

Wajen fasawa na fi son kulki, don adda na yanka ƙwaya. A kowane kwanso za ka tarar da ƙwaya kamar 30 zuwa 40, lulluɓe da farin nama mai zaƙi. Kada ka wanke shi! Shi ne abincin tsimin.

Shimfiɗa ganyen ayaba a ɗan gangare yadda ruwa zai tsiyaye, ka tula ƙwayar a ranar da ka fasa, ka rufe da wani ganyen, ka danne da itace. Bayan kwana biyu ka buɗe ka juya, na gefe su koma tsakiya. Cusa hannunka ciki. Zafin kan kai digiri 45 zuwa 50, ga warin tsami mai hawa hanci. Wannan zafi da tsamin su ke kashe ƙwayar, su rage ɗacin. Ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi, gara ka tara da yawa. Ka sake juyawa a kwana na huɗu, ka kwashe a na shida.

Tsaga 'yan ƙwayoyi ka duba: ciki ruwan ƙasa mai tsage-tsage ya tsimu, shunayya mai santsi kuwa da saura.

Sai shanya a kan tabarma bisa gado, nesa da hayaƙi, ana motsawa kullum kamar mako guda. Damƙi cikin hannu ka matse. In ka ji ƙaras-ƙaras, ɓawon na farfashewa, kawo buhu.