Tsohuwar Mustang: a tayar da ita ko a bar ta?

Kafin ka kashe ko dala a kan tsohuwar motar Amurka irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro ko Dodge Charger, fara da takardu. In babu kart giriz da shaidar duwan, ka haƙura, domin gyara ba ya halatta mota.

Sai lambar da kamfani ya buga a jikin motar, ba lambar hanya ba. A Mustang ta 1965 zuwa 1967 an buga ta a ƙarfen da ke cikin ɗakin inji, gefen direba. Daga 1968 ana ganinta ta gilashin gaba. Harafi na biyar shi ke faɗin injin da ta fito da shi daga kamfani. A ta 1965 da 1966, T na nufin silinda shida, C da A kuwa V8 ne, wato inji mai silinda takwas, samfurin da ake kira 289, sai K, wanda shi ne 289 mai ƙarfin doki 271, kuma shi masu tara irin waɗannan motoci ke farauta. In lamba ta ce K amma wani inji ne a ciki, darajar ta faɗi, komai ƙyallin fenti.

Jiki shi ne babbar magana. Mustang ba ta da shasi daban, gangar jikin ce ke ɗauke da komai, saboda haka tsatsa a ƙasa ba wasa ba ce. Bushewar Maradi tana taimako, amma motar da ta yi shekaru a jihohin Amurka masu zuba gishiri kan hanya lokacin ƙanƙara, da ciwonta take zuwa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka soki ƙarfen da sukudireba. Zuba bokitin ruwa a ramukan iska da ke gindin gilashin gaba: in ya ɗigo wurin ƙafafu, ƙarfen ciki ya ruɓe, kuma sai an cire gilashi an yanke walda kafin a kai gare shi. Bi ƙofofi da mayen ƙarfe. Inda bai kama ba, ciko ne aka shafe da fenti.

Sai inji: kada ka sa batir ka murza makulli tukuna. Cire buji, zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, bari ya kwana biyu, sannan ka juya injin da hannu. In ya juya, a auna matsin silindojin. Bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In injin ya ƙi juyawa, lissafa kuɗin sauke shi gaba ɗaya.

Abin da rana da ɓeraye suka ci kuwa, wato roba, tiyon birki da wayoyi, duk sabo za a sa. Notocin motar na inci ne, ba milimita ba. Makaniken da ya saba da Toyota, in ya sa kile 13 a kan noti mai rabin inci, sannu a hankali zai cinye masa kai, don haka saya wa makaniken saitin kile na inci tun farko. Lagireto ma a ƙara masa girma saboda zafin Afrilu, kuma kafireto ba ya shiri da dattin man ruwa-ruwa na kwalba.

Kayan Mustang har yau ana ƙera sababbi, na Charger sun fi wuya da tsada. Haɗa kuɗin kaya, jirgi, duwan da aikin hannu, ka ƙara rabi a kai. In jimillar ta wuce farashin irinta mai lafiya, kuma lambar T ce, sayar da ita yadda take.